Mai Rangaji Da Mai Jiran Ƙiris: Tsokaci Kan Kalmar "Unstable"



Akwai wata kalmar Turanci da ta samu wurin zama a bakin 'yan boko da alƙaluman marubutanmu, har ta kai wanda bai taɓa shiga aji ba ma ya san ta. Kalmar ita ce "unstable", tare da 'yar uwarta "instability", da kuma kishiyarsu "stable". Ka ɗauki littafin soyayya na wannan zamani, da wuya ka kai ƙarshensa ba ka ci karo da likita yana ce wa dangin mara lafiya "yanzu yana stable" ba, ko uwa tana hana 'yarta wani saurayi saboda "ba shi da stable job", ko ƙawa tana kai wa ƙawarta ƙarar miji tana cewa "mutumin nan unstable ne". Ka kunna rediyo ka ji an fassara ta, yau a ce rashin daidaito, gobe a ce rashin zaman lafiya, jibi rashin tabbas, gata kuma rashin kwanciyar hankali, duk a kan kalma guda.

Ni dai ba na cikin masu ɗaga jijiyar wuya a kan Ingausa. Hausa ta daɗe tana aro, kuma aron bai kashe ta ba. Daga Larabci muka samo littafi da alƙalami, daga Turanci muka samo mota da tebur da asibiti, ba wanda ya ce mun zama bayi don haka. Abin da ya dame ni shi ne mun ari wannan kalma mun baro ma'anarta a can. A fahimtar mafi yawanmu, "stable" shi ne abin da ba ya motsi, "unstable" kuma shi ne abin da yake motsi. Wannan gurguwar fahimta ce, kuma illarta ba ta tsaya a takarda ba, tana bin mu har asibiti da gidan aure da kasuwa da fadar mulki.

Bari mu fara da asalinta. Tushen kalmar daga harshen Latin yake, daga aikatau "stare", wato tsayawa. Daga nan aka samu "stabilis", abin da zai iya tsayawa da ƙafarsa, ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi. Daga wannan tushe ne "station" ta fito, wadda mu muka mayar tasha, wurin da mota ko jirgi ke tsayawa. Hatta bargar doki da Turanci "stable" ake ce mata, domin nan ne doki yake tsayuwa. Sai kuma wani abu da ke kayar da ɗalibai a jarrabawa: siffar da "un" take farawa, a ce "unstable", amma sunan da "in" yake farawa, a ce "instability". Haka tsarin yake a "unable" da "inability", da kuma "unjust" da "injustice". 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci sun huta da wannan, domin su duka biyun da "in" suke fara musu. Mu ma a Hausa muna da namu aron na tun da daɗewa daga Larabci, shi ne tabbas da tabbata, kuma har yau za ka ji tsoho ya ce wane ba shi da sabati.

To, mene ne haƙiƙanin ma'anar? Duk wanda ya yi darasin fiziks a sakandare an taɓa nuna masa, sai dai ƙila da Turancin da bai shiga ba. Ga shi a Hausance. Ɗauki ƙwarya ka jefa lemo a ciki. Girgiza ta yadda ka ga dama, lemon zai haura gefe ya gangaro, ya yi ta kai-kawo, amma ƙarshensa gindin ƙwaryar zai koma ya kwanta. Wannan shi ne "stable". Yanzu kife ƙwaryar, ka lallaɓa ka ɗora lemon a kan ƙoƙuwarta. In ka yi sa'a zai tsaya cak, ko motsi ba ya yi. Amma hura masa iskar baki kaɗan, sai ya gangara, kuma har abada ba zai hau ya koma inda yake da kansa ba. Wannan shi ne "unstable".

Ka lura da kyau, mai karatu. Lemon farko shi ne yake ta motsi, amma shi ne tabbatacce. Na biyu shi ne yake tsaye shiru, amma shi ne mara sabati. Ashe ke nan kalmar ba tana tambayar ko abu yana motsi a yanzu ba ne. Tambayarta ita ce, in an ture shi, zai dawo ko kuwa zai zarce?

Bahaushe ya san wannan tun kafin Bature ya kawo allo da alli. Dubi 'yar Fulani da ƙwaryar nono a kan gammo, tana tafe tana rangaji, wuya na lanƙwasa, ƙugu na karkata, amma ko ɗigo ba ya zuba. Da za ta sandare kamar icce, tuntuɓe ɗaya ya ishe ta. Dubi kwalekwale a kogin Kwara wajen Yawuri, duk igiyar ruwan da ta zo sai ya rausaya, kuma wannan rausayar ce take hana shi kifewa. Sannan ka dubi azarar soron da gara ta cinye ta ciki. Shekara goma tana nan kyam, ba ta ko ƙara, mai gida na kwana a ƙarƙashinta hankali kwance, sai ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi a wayi gari ana salati. Wannan azara ita ce "unstable" ta gaskiya, kuma muna da maganar da ta dace da ita tsaf: dama ƙiris take jira.

Masana kimiyya ma a haka suke amfani da kalmar. Ma'adinin yuraniyom da ake haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar tun 1971, a wurinsu "unstable" ne, domin ƙwayar zarrarsa tana rushewa da kanta tana fitar da tururin da ido ba ya gani. Amma in ka ga dutsen ba abin da zai nuna maka, kuma nau'insa da ya fi yawa sai ya shekara kusan biliyan 4 da rabi kafin rabinsa ya rushe. Wato dai abin a ɗabi'ar ciki yake, ido ba ya yanke hukunci.

Mu shiga asibiti, inda marubutanmu suka fi yawan kai mu. Idan likita ya ce mara lafiya yana "stable", abin da yake nufi ɗan kaɗan ne: bugun zuciya da numfashi da awon jini da zafin jiki sun tsaya a inda suke, ba sa ƙara lalacewa a wannan lokaci. Bai ce ya warke ba, bai ma ce ya samu sauƙi ba. Mutum zai iya kasancewa rai a hannun Allah, bai san wanda ke kansa ba, na'ura ce ke taya shi numfashi, a kuma ce yana "stable". Amma a littattafanmu da zarar likita ya cire tabarau ya furta kalmar, sai Hajiya ta yi hamdala, a aika a sayo ragon sadaka, a fara shirin sallama. Mai karatu ya haddace wannan, ranar da abin ya zo kansa sai ya buga wa dangi waya ya ce an samu sauƙi kowa ya koma gida. In ta Allah ta kasance da daddare, sai a ce likita ya yi ƙarya ko ya yi sakaci, alhali kalma ce aka yi wa fassarar son rai. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai ciwon ƙirji na zuciya da likitoci ke kira "unstable angina", wanda yake taso wa mutum ko yana zaune bai yi aikin komai ba. Mai shi zai iya zama yana hira yana dariya tsakanin tasowa da tasowa, amma likita zai ce a kwantar da shi yanzu-yanzu, domin ƙiris zuciyar take jira. In marubuci zai sa likita ya yi magana, ya sa shi ya faɗi abin da dangi za su gane: jikin bai ƙara tsanani ba, amma har yanzu ba mu fita daga haɗari ba.

Inda kalmar ta fi yin ɓarna a ɓoye shi ne idan aka jingina ta ga hankalin mutum. A zo binciken aure, a tambayi wata 'yar boko a unguwa, ta ce ai yarinyar kirki ce, sai dai tana da ɗan "unstable". Ƙila abin da take nufi shi ne yarinyar tana da saurin kuka, ko saurin fushi, ko yau ta ce za ta karanta likitanci gobe ta ce ɗinki za ta koya. Kafin maganar ta isa kunnen uwar ango ta zama "tana da taɓin hankali", kafin ta kai ga gwaggo ta zama "aljanu gare ta". Shi ke nan an fasa aure, an kuma liƙa wa baiwar Allah tambarin da zai bi ta shekaru. Kalmar ita kaɗai ba binciken likita ba ce, buhu ce da kowa ke zuba abin da ya ga dama. Hausa kuwa ta rarrabe: akwai mai rawar kai, akwai mai saurin hawa, akwai mai raunin zuciya, akwai mara alƙibla, akwai mai yin amai ya lashe, sannan akwai mara lafiya na gaskiya wanda magani da kulawa yake buƙata ba gori ba. Duk wanda ya san zai iya faɗin ɗaya daga cikin waɗannan amma ya zaɓi ya fake da Turanci, to ya jefi mutum ne ya ɓoye hannu.

Haka abin yake a zamantakewar aure. Mun saba auna zaman lafiyar gida da shirunsa. A ce gidan Alhaji wane ko tari ba ka ji, shekara ashirin ba a taɓa kai ƙara wurin waliyyi ba. Wani lokaci gaskiya ne, fahimtar juna ce ta kawo shirun. Wani lokaci kuwa zaman kashin dankali ne, babba ya danne ƙarami, matar ta haɗiye magana har ta zame mata hawan jini. Gidan da miji da mata ke saɓawa su shirya, a yi fushi da safe a ci tuwo tare da dare, shi ne lemon cikin ƙwarya. Wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, zai tuna gidan Alhaji Abdu. Daga waje ɗan kasuwa ne mai rufin asiri da mata da 'ya'ya tara, amma shigowar amarya ɗaya ta wargaza komai, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ita kuwa Rabi da aka yi wa turin da ya fi kowane, ta kama sana'ar abinci ta riƙe 'ya'yanta har suka zama mutane. Da za a tambayi mutanen unguwa tun farko wane ne tsayayye tsakanin su biyun, Alhaji za su nuna. Labarin ya nuna mana wanda yake da gindin zama na gaskiya.

Wannan ya kawo mu ga maganar "stable job" da iyaye ke yi. Abin da ake nufi a nan shi ne aikin albashi, musamman na gwamnati, wanda ake cewa ko ana ha-maza-ha-mata wata zai ƙare a biya. Ban raina aikin albashi ba, amma mun ga yadda a 2015 jihohi da dama a Nijeriya suka kasa biyan ma'aikata na watanni, har sai da gwamnatin tarayya ta ba su tallafin ceto. Ma'aikacin da bai iya komai ba sai jiran ƙarshen wata, a lokacin ya gane a kan ƙoƙuwar ƙwarya yake zaune. Shi kuwa tela ko makaniki ko ɗan kasuwar da samunsa ke hawa da sauka, yau a samu gobe a rasa, ya saba da turi, ya san hanyar dawowa. Uwar da ke zaɓar wa 'yarta miji, tambayar da ta fi amfani ita ce, in wannan hanyar ta toshe, yaron nan zai iya miƙewa ta wata?

Ko kuɗin da ke aljihunmu ya ba mu darasi a kan haka, kuma a ɓangarorin iyaka biyu. Tun daga 1948 aka ɗaure darajar sefa da kuɗin Faransa, ba ta gaba ba ta baya, har ana yi wa masu naira dariya. Sai a watan Janairun 1994 aka wayi gari an karya darajarta da rabi, abin da mutum ya tara a Maraɗi ko Damagaram ya zama rabinsa a kasuwar duniya cikin dare ɗaya. A Nijeriya ma kafin watan Yunin 2023 farashin dala a hukumance yana wajen naira 460, alhali a kasuwar bayan fage ya haura 700. Da aka saki igiyar, sai ga shi a farkon 2024 dala ta wuce naira 1,500. Ba ina cewa tashin gwauron zabon da kaya suka yi abin so ba ne, kowa ya ji a jikinsa. Abin da nake cewa shi ne farashin da aka riƙe da hannu aka hana shi motsi, ba shi ne tabbataccen farashi ba. Ranar da hannun ya gaji, tafiyar da bai yi a shekara goma ba sai ya yi ta a wata shida.

Amma duk waɗannan ƙanana ne a kan abin da ake yi da kalmar a fagen mulki. Kusan duk mai son ya dawwama a kan kujera da ita yake fakewa. Zai ce in ya tafi ƙasa za ta rikice, shi ne turken da ya riƙe ta. Hausa har suna ta raɗa wa wannan, tazarce, kuma an yi amfani da shi a Nijeriya da Nijar duka. A 1998 jam'iyyu biyar ɗin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yi wa rajista duk sun tsayar da shi ɗan takararsu shi kaɗai. Ina shirun da ya wuce wannan? Ya rasu ranar 8 ga Yunin shekarar, kuma ba a cika shekara ba aka rushe jam'iyyun, aka kafa wasu, aka miƙa mulki ga farar hula ranar 29 ga Mayun 1999. A Nijar, Shugaba Tandja Mamadou ya sauya tsarin mulki a 2009 domin ya ci gaba, a watan Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi. Blaise Compaoré ya shekara 27 yana mulkin Burkina Faso, ana kiransa ya sasanta rikicin maƙwabta saboda ana ganin gidansa lafiya lau, amma zanga-zangar 'yan kwanaki a watan Oktoban 2014 ta sa ya tsere. Ko gwamnatin Mohamed Bazoum, wadda ta karɓi mulki a 2021 a karon farko da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe a tarihin Nijar, kuma ƙasashen Yamma ke nuna ta a matsayin tsayayyar ƙawa a yankin Sahel, dogaranta na fada ne suka tsare shugaban ranar 26 ga Yulin 2023. Ko kana cikin masu murna da abin ko kana cikin masu baƙin ciki, ka yarda cewa masu kallo daga nesa ba su ga garar da ke cikin azarar ba.

Yanzu dubi ɗaya gefen. Italiya ta yi gwamnatoci sama da 60 tun daga 1946. Beljiyam ta yi kwana 541 tsakanin 2010 da 2011 'yan siyasarta sun kasa kafa sabuwar gwamnati. Birtaniya ta yi firaminista uku a cikin shekarar 2022 kaɗai, ɗaya ma ba ta cika wata biyu ba. In da motsi ne ma'auni, da waɗannan su ne ƙasashen da suka fi kowa rashin sabati. Amma ba a ji tankar yaƙi ta fito titi ba, an ci gaba da biyan albashi, kotuna na zama, yara na zuwa makaranta. Mu ma nan mun ɗanɗana irin wannan a 2015, lokacin da aka shiga zaɓe cikin zaman ɗar-ɗar, mutane na kwashe iyali suna komawa garuruwansu, sai shugaba mai ci Goodluck Jonathan ya sha kaye ya kuma amince, ƙasa ta yi rangaji ta dawo.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, malam, kai kana lissafin ƙwarya da lemo, mu kuwa mun ga Libiya. Gaddafi ya shekara 42, mutane na cin abinci suna kwana da ido biyu rufe, 'yan uwanmu na zuwa can ci-rani, da aka kawar da shi a 2011 me ya biyo baya in ban da yaƙi da cinikin mutane? Zama lafiya ai ya fi zama ɗan sarki. Wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa a Zamfara, ko wanda ya yi gudun hijira daga Borno, ba ruwansa da ma'anar kalma, shiru yake nema ko da wane irin hannu ne zai kawo shi. Ban isa in raina wannan ba, kuma gaskiya ne turin da aka yi wa Libiya har da hannun waje, jiragen ƙungiyar NATO ne suka yi ta ruwan wuta. Sai dai tambayar tana nan: me ya sa da mutum ɗaya ya faɗi, ba a samu majalisa ko kotu ko rundunar ƙasa da za ta riƙe ginin ba? Saboda shekara 42 ba a bar kowace ta yi ƙarfi ba. Kowane shugaba zai tafi, ko ta zaɓe, ko ta bindiga, ko ta ajali. Ƙasar da zamanta ya rataya a kan numfashin mutum ɗaya, ranar gangarawarta kawai ake jira. Haka kuma ban ce duk hayaniya alheri ce ba. Akwai rangaji, akwai tangal-tangal. Mai rangaji ƙafarsa na ƙasa, mai tangal-tangal kuwa faɗuwa yake shirin yi. Ana gane bambancinsu ne da abin da ya biyo bayan turi: an koma kotu da akwatin zaɓe, ko an koma daji da bariki?

Akwai kuma wata wayo da ke cikin kalmar "instability" da ya kamata masu fassara su farga da ita. Suna ce da ba ta da mai aikatawa. In aka ce yankin Sahel na fama da ita, sai ka ji kamar hunturu ne ko fari, abin da ya sauko daga sama ba laifin kowa. Ba ta gaya maka cewa makaman da suka bazu daga rumbunan Libiya sun taimaka wajen tayar da tawayen arewacin Mali a 2012 ba. Ba ta gaya maka wanda ya sace kuɗin makamai, ko wanda ya ƙwace burtali, ko wanda ya murɗe zaɓe ba. Aikatau na Hausa kuwa ba ya yarda da wannan rufa-rufa. In ka ce an girgiza ƙasa, nan take mai sauraro zai ce wa ya girgiza ta? Shi ya sa nake ganin duk inda mai fassara ya ci karo da kalmar, kafin ya rubuta rashin zaman lafiya ya wuce, ya tsaya ya duba ko juyin mulki ake nufi, ko tawaye, ko yawan sauya gwamnati, ko faɗuwar darajar kuɗi, ya kira abin da sunansa.

Kafin in rufe, ga 'yan uwan kalmar da ake yawan cakuɗa su da ita. "Unsteady" ta fi shafar jiki da abin da ido ke gani, kamar tsoho mai karkarwar hannu ko mashayi mai tangaɗi. "Fickle" ta zuciya ce, masoyin da yau yana nan gobe yana can, hawainiya ke nan. "Volatile" daga kalmar Latin mai nufin tashi sama ta fito, kamar fetur da aka bari a buɗe ya bi iska, shi ya sa ake faɗinta ga kasuwa mai hawa da sauka da mutum mai saurin hawa. "Erratic" kuwa ta abin da ba shi da tsari ce, ba ka san lokacin zuwansa ko tafiyarsa ba, kuma ita ce ta dace da wutar lantarkinmu ta a kawo a ɗauke. Jaridun Turanci na Nijeriya sun fi son su kira wutar "epileptic", wato mai farfaɗiya, abin da nake roƙon marubutanmu kada su kwaso, domin farfaɗiya cuta ce da bayin Allah ke fama da ita, kuma tana da magani, bai kamata ta zama abin zagin kamfanin wuta ba.

Mu kuma a namu rumbun, haƙori girgiɗi yake yi, reshe reto yake yi, mai zazzaɓi makyarkyata yake yi, budurwa rangaji take yi, gwamnatin da ta rasa goyon baya tangal-tangal take yi, shawarar da aka kasa yankewa ana kwan-gaba-kwan-baya da ita, soyayyar da ba ta da tushe ginin tubalin toka ce, arzikin da ba a tattala ba kuwa yau fari gobe tsumma. Kowace da hotonta, kowace da wurin zamanta. Marubucin da ya bar duk wannan ya rubuta "ba ta stable", ya yi wa kansa rowa, ya kuma bar mai karatu cikin duhu, domin bai gaya masa ko jarumar tasa mai lanƙwasa ta miƙe ba ce ko mai karyewa.

Shawarata ga 'yan uwana marubuta ita ce, in har za a yi amfani da kalmar, a yi da saninta. In kuma fassara za a yi, "unstable" dai shi ne mai jiran ƙiris, "stable" kuma shi ne wanda ya zauna da gindinsa, wanda in an ture shi zai dawo. Ga masu karatu kuma, duk ranar da wani ya ce maka abu "stable" ne, ko likita ne, ko mai neman 'yarka, ko mai neman ƙuri'arka, kada ka tsaya a kan shirun da kake gani. Tambaye shi, in iska ta kaɗa fa?

Allah ya ba mu sabati a kan gaskiya, ya zaunar da gidajenmu da ƙasashenmu da gindinsu.